Kafin in sake neman aiki a laburaren jami'a

Karon farko da na nemi aiki a cikin jami'a ko amsa ban samu ba. Ina shekarar farko, zango na biyu, sai na ga sanarwa a allon da ke ƙofar laburare cewa ana neman ɗalibai masu taimakawa, saura kwana biyu a rufe karɓar takardu. A daren nan na cike fom a waya, na rubuta 'yan layuka a gurbin da aka ce mutum ya faɗi dalilinsa na son aikin, na tura. Inda aka tambayi awa nawa zan iya yi a mako na sa 20, domin ita ce lamba mafi girma da fom ɗin ya bari a zaɓa, kuma a ganina wanda ya fi nuna ƙwazo shi za a ɗauka. Na yi mako uku ina duba imel safe da yamma, shiru. Daga baya na ga sababbin fuskoki biyu a bayan teburin aron littattafai, na san an gama.

Abin ya tsaya mini a rai, saboda ba marmari ne ya sa na nema ba. Abin da ake turo mini daga gida yana ƙarewa kafin lokacinsa, kuma ina jin nauyin sake tambaya alhali na san halin da ake ciki. Aiki a wajen makaranta na auna shi na ga ba zai yiwu ba: zuwa da dawowa kaɗai za su cinye lokacin karatuna, kuma mai ɗaukar aiki a waje ba ruwansa da makon jarrabawa. A cikin makaranta kuwa an san kai ɗalibi ne tun kafin a ɗauke ka, kuma daga ajin lacca zuwa wurin aiki tafiyar 'yan mintuna ce.

Wadda ta buɗe mini ido wata yaya ce a sashenmu na ilimin sinadarai, tana gaba da ni da shekara biyu, kuma ta daɗe tana aiki a laburaren. Na tare ta wata rana tana tura keken littattafai.

"Yaya, ni fa na nema, ko kirana ba a yi ba."

"Awa nawa kika rubuta?"

"Ashirin."

Ta tsayar da keken ta dube ni. "Ke da kike shiga ɗakin gwaje-gwaje sau biyu a mako? Ƙanwata, Malamar da ke ɗaukar mutane ta san jadawalin kowane sashe. Tana ganin ashirin ɗin nan ta san ɗayan biyu ne: ko ba ki lissafa ba, ko za ki riƙa tsallake lacca. Duka biyun ba ta so."

Ta yi mini bayanin da ban taɓa tunaninsa ba. A gaban Malama akwai takarda mai layi-layi, kwanakin mako a sama, awanni a gefe, kuma kowane gurbi dole a samu wanda zai tsaya a cikinsa. Idan waɗanda suka kammala karatu suka tafi sai gurabe su buɗe, ita kuma ta shiga neman wanda lokacinsa ya dace da su. Ɗalibin da ya fi kowa maki, idan duk safiyarsa lacca ce kuma safiyar ake buƙata, ba zai yi mata amfani ba. Ta ƙara da cewa yawancin gurabe a ƙarshen shekarar karatu suke buɗewa, a cike su kafin a dawo ko a makon farko. Wanda ya jira sai ya ga sanarwa a allo ya riga ya makara da shiri. "Ba a fafe gora ranar tafiya," in ji ta, ta ci gaba da tura kekenta.

Wata huɗu suka rage kafin zagaye na gaba. Na fara da abin da na faɗi ba daidai ba, wato lokaci.

A mako akwai awa 168. Na zauna da biro na yi ta cirewa. Barci awa 7 kullum, 49 ke nan. Lacca da ɗakin gwaje-gwaje 22. Karatun kaina da rubuta rahoton gwaji na ba su 30. Cin abinci, wanka, wanki, ibada da tafiya tsakanin gine-gine na ƙiyasta awa 4 a rana, 28. Da na gama sai ga 39 sun rage, har na ji sanyi a raina, na ce ashe 20 ɗin da na rubuta ba ƙarya ba ce. Amma lissafin takarda daban, rayuwa daban, shi ya sa na yanke shawarar in bi kaina na mako biyu cif, ina rubuta abin da na yi a kowace awa a wani ƙaramin littafi.

Abin da littafin ya nuna mini ya ba ni mamaki. Awa 39 ɗin suna nan, amma a warwatse suke kamar tsaba: minti arba'in tsakanin lacca biyu, awa ɗaya kafin a buɗe ɗakin gwaji, wasu da dare bayan an rufe laburare, wasu ranar hutun ƙarshen mako. Ba wanda zai ɗauke ka aikin minti arba'in. Sannan gwajin da jadawali ya ce awa uku ne sau da yawa yana kaiwa huɗu, domin sai an wanke kayan aiki an mayar, wani lokaci ma sai a sake gwajin daga farko. Rahoton da nake ba wa awa biyu yana cin uku. Da na tsame guraben da suka kai aƙalla awa biyu a jere, kuma suka faɗo a lokacin da laburare ke buɗe, sai na samu 11 kacal. A cikinsu na ware uku don ranar da aiki ya yi yawa ko jiki ya ƙi. Takwas suka rage, kuma su ne gaskiyar abin da zan iya ɗaukar alkawarinsa ba tare da na ci amanar karatuna ko ta masu ɗaukata ba.

Na ji zafin wannan lamba, don ko rabin abin da na sa rai ba ta kai ba, kuma albashin irin wannan aiki da awa ake lissafa shi. Na yi kwanaki ina jan ta ko za ta kai goma sha biyu. Daga ƙarshe na bar ta a yadda take. Na zo jami'a ne don digiri, kuma na ga 'yan ajinmu da suka ɗauki abin da ya fi ƙarfinsu suka wayi gari suna maimaita kwas. Maimaita kwas ɗaya ya fi abin da ƙarin awa huɗu za su kawo tsada.

Zaɓen aikin bai ɗauke ni lokaci ba. Na zagaya na ga abin da ɗalibai ke yi: zama a ɗakin kwamfuta, koya wa 'yan ƙasa da su darasi, taimakawa a ofishin sashe, kula da zauren wasanni, raka sababbin ɗalibai a makon farko, taya malami tattara bayanan bincike. Koyarwa da bincike sun fi son waɗanda suka yi nisa a karatu. Ɗakin kwamfuta na sa shi a matsayin na biyu. Laburare ya ci gaba da zama na farko, saboda yana buɗe tsawon yini, kuma ina son wurin tun asali.

Sai na je ofishin da ke kula da harkokin ɗalibai na tambayi ƙa'idoji da bakina, ban tsaya ga jita-jita ba. Wa ya cancanta, akwai makin da dole mutum ya riƙe, awa nawa ne iyaka, waɗanne takardu ake so, ta yaya ake biya kuma yaushe. Kowace makaranta da nata tsarin, wani lokaci ma dokar ƙasa tana shigowa ciki. A Amurka, alal misali, ɗalibin da ya shiga da bizar karatu ba ya wuce awa 20 a mako a aikin cikin makaranta muddin ana zangon karatu, kuma a Ingila ma iyakar ɗaliban digiri 'yan ƙasashen waje awa 20 ce. Duk wanda ke karatu a ƙasar da ba tasa ba, wannan ce tambayar da zai fara yi kafin komai, don kuskure a nan yana iya taɓa izinin zamansa. Ni dai an ba ni jerin takardu: katin shaidar ɗalibi, shaidar rajistar zango, sakamakon jarrabawar da ta gabata, bayanan asusun banki. Na haɗa su a jaka ɗaya, na ɗauki hoton kowace na ajiye a waya. Sakamakon jarrabawar ne ya fi jinkiri, ya kusa mako biyu kafin ya fito da hatimi, kuma na gode wa Allah da na nema tun da sauran lokaci.

Inda na fi shan wuya shi ne takardar tarihin karatu da aiki, wadda kowa ke kira sibi. Na buɗe kwamfuta na rubuta sunana da makarantun da na yi, sai na tsaya cak a kan gurbin ayyukan da na taɓa yi. Ban taɓa karɓar albashi ba. Abin da na fara cikewa da shi kalmomi ne irin su mai ƙwazo, mai gaskiya, mai son aiki da jama'a. Na kai wa Yaya ta duba.

Ta karanta ta ajiye. "Duk wanda ya nema haka ya rubuta. Wa zai ce shi malalaci ne? Faɗa mini abin da kika taɓa riƙewa da hannunki, aka tambaye ki lissafinsa."

Na ce babu.

"A sakandare ba a taɓa ba ki wani muƙami ba?"

Sai na tuna shekara biyu ni ce mai kula da ɗakin gwaje-gwajen makarantarmu. Mabuɗi a hannuna yake, akwai littafin da nake rubuta duk abin da aka fitar da wanda aka dawo da shi, kuma ƙarshen kowane zango ni da malamin muke ƙirga kaya. Na tuna kuma a ajinmu na yanzu ni ce mataimakiyar wakilin aji, nake karɓar rahotannin mutum 64, in jera su bisa lambar rajista, in kai wa malami a kan lokaci. A gida na shekara uku ina yi wa ƙannena biyu bitar lissafi da yamma. Ban taɓa ɗaukar ko ɗaya daga cikinsu a matsayin aiki ba.

Yaya ta ce in ɗauko tsohuwar sanarwar in ja layi a ƙarƙashin abin da suka ce suna so. Abu huɗu ne: zuwa a kan lokaci, kula da ƙananan bayanai, iya hulɗa da mutane, da iya ɗaukar littattafai da tsayuwa mai ɗan tsawo. Sai muka ɗauki kowane ɗaya muka nemo masa shaida daga rayuwata. Maimakon "mai kula da bayanai" na rubuta cewa na riƙe littafin shige da ficen kayan ɗakin gwaji na shekara biyu, ana ƙirgawa duk zango. Maimakon "mai amana" na rubuta adadin rahotannin da nake karɓa da yadda nake jera su. Wanda ya karanta zai yanke hukunci da kansa, ba sai na yabi kaina ba. A nan na gane cewa yabon kai da ba da shaida abubuwa biyu ne mabambanta, kuma kunyar da take hana mutum na farko bai kamata ta hana shi na biyu ba.

Sauran gyare-gyaren ƙanana ne amma sun zama dole. Shafi ɗaya tak. Na buɗe sabon adireshin imel da sunana na gaskiya, na bar wanda na yi tun ina yarinya. Na mayar da takardar PDF don kada tsarinta ya wargaje a kwamfutar wani, na sa wa fayil ɗin sunana. Na karanta ta da ƙarfi sau biyu, na kama kuskuren rubutu uku da idona ya yi ta tsallakewa. Wasiƙar neman aikin kuma sakin layi uku ce: wace ce ni da aikin da nake nema, shaidu biyu mafi ƙarfi, sai awannina takwas, kowace da ranarta da lokacinta.

Ana buƙatar malami ɗaya da zai ba da shaida a kaina. Zuciyata ta fara raya mini in je wurin shugaban sashe saboda girman sunansa, amma bai san ni ba, abin da zai rubuta ba zai wuce cewa ni ɗalibar sashen ce ba. Na zaɓi malamin da ke kula da mu a ɗakin gwaje-gwaje, wanda nake kai wa rahotannin aji hannu da hannu. Na same shi a ofis a lokacin ganin ɗalibai.

"Ranka ya daɗe, Malam, wata alfarma na zo nema. Ina so in nemi aikin taimakawa a laburare, kuma suna buƙatar malamin da ya san ni. Ko za ka iya tsaya mini?"

"Yaushe za a rufe?"

"Ba a ma buɗe ba tukuna, Malam. Ina jin sai nan da mako biyar."

Ya ɗago kai ya dube ni. "To madalla. Yawanci ana gobe rufewa ake zuwa mini." Ya ce in kawo masa sibi da kwafin sanarwar don ya san abin da zai taɓo. Sannan ya yi mini tambayar da ban shirya mata ba: idan aikin ya fara taɓa makina, me zan yi? Na ce zan rage awanni, in ya ƙi in ajiye. Ya ce in tuna na faɗa masa haka, domin zai riƙa duba sakamakona.

Yaya ta gaya mini cewa bayan intabiyu ana yin ɗan gwajin jera littattafai. Na yi dare biyu ina karanta tsarin Dewey, wanda Melvil Dewey ya fitar a 1876, mai raba ilimi gida goma da lambobi daga 000 zuwa 900: addini a 200, harsuna a 400, kimiyya a 500, adabi a 800, tarihi da labarin ƙasa a 900. Na haddace su tsaf. Rana ta uku na hau bene na tsaya gaban kantocin littattafai, sai na ga lambobin da ke manne a jikin littattafan da haruffa suke farawa. Shekara guda ina shiga wurin ina ɗaukar littafi ban taɓa lura ba. Laburaren namu, kamar na jami'o'i da yawa, da tsarin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka yake aiki. Na yi shirin ne daga nesa, alhali amsar tana hawa ɗaya sama da inda nake zama kullum.

Na koma na fara daga tushe, wannan karon a tsaye gaban kanta. Tsarin yana da manyan rukunai 21, kowane da harafinsa: H ilimin zamantakewa, K shari'a, L ilimi da koyarwa, P harshe da adabi, Q kimiyya, R likitanci, S noma, T fasaha. Harafi na biyu yana ƙara tsagawa, shi ya sa a ƙarƙashin Q za ka ga QA lissafi, QC fiziks, QD kuma namu na sinadarai. Na bi P har na kai PL, na iske littattafan harshen Hausa a jere wajen PL8231 zuwa PL8234, na daɗe a tsaye a wurin.

Wahalar tana cikin karanta lambar. Layin farko haruffa ne, kuma harafi ɗaya yana gaba da biyu, wato Q kafin QA. Lambar da ke biye cikakkiya ce, ana karanta ta yadda ake ƙirga, don haka QA 9 yana gaba da QA 76, shi kuma yana gaba da QA 300. Sai layi na uku, mai ɗigo da harafi da lamba, wanda galibi daga sunan marubuci ake samo shi. Wannan lambar ba cikakkiya ba ce, ta bayan ɗigo ce, ana auna ta lamba bayan lamba daga hagu. Shi ya sa .B45 yake zuwa kafin .B5, domin 4 ta gaza 5, duk da ido yana ganin arba'in da biyar ta fi biyar. A nan kusan kowa yake faɗuwa, ni ma na faɗi sau da dama. Idan komai ya zo ɗaya sai a duba shekarar bugu a ƙasa, tsohon bugu a hagu, sabo a dama.

Wani zai ce wannan ƙaramin abu ne. Ni ban ga haka ba. Littafin da aka ajiye a kantar da ba tasa ba, kwamfuta za ta ce yana nan, ɗalibi ya zo ya duba inda ya kamata bai gan shi ba, ya tafi hannu rabbana, wataƙila ana jibi jarrabawarsa. Littafin bai bar ginin ba amma ya ɓata, kuma zai iya shekara a haka sai ranar da wani ya bi kantar lamba bayan lamba ya tsinto shi. Ni kaina abin ya taɓa faruwa da ni a zangon farko, na ɗauka wani ne ya ara. Tun da na fahimci haka na daina kallon aikin a matsayin ɗaukar kaya kawai. Na yanka takardu talatin na rubuta lambobi a kansu, kullum da dare in cakuɗa in jera, har hannuna ya saba.

Da sanarwa ta fito na tura takarduna a rana ta biyu. Kwana huɗu bayan haka aka fitar da jadawalin sabon zango, sai na ga an mayar da wata lacca ranar Laraba da rana, daidai kan awa biyu daga cikin takwas ɗina. Na yi ta saƙa da warwara. Wata zuciyar ta ce in yi shiru har a ɗauke ni, daga baya a san yadda za a yi, tunda shida sun yi kaɗan kuma za su iya sa a tsallake ni. Ban iya ba. Na rubuta gajeren imel na ce jadawali ya canza, Laraba ta fita, ga shida da suka rage, kuma ina iya ƙara awa biyu ranar Asabar da safe idan ana buƙata. Na tura gabana yana faɗuwa.

Bayan mako guda aka kira ni intabiyu. Na isa da minti goma sha biyar, da kwafin komai a hannu. Malama tana zaune da wani ma'aikaci, kuma a kan teburinta na hango imel ɗina an buga shi, an ja layi ƙarƙashin Asabar.

Tambayoyin ba su da yawa. Me ya sa laburare. Ki ba mu labarin lokacin da aka ba ki amanar wani abu. A nan na kawo zancen ɗakin gwaji, har da zangon da ƙirga ta nuna kwalba biyu sun ɓace, muka bi littafin muka gano ajin da ya ɗauka bai sa hannu ba. Na shirya wannan labarin tun a ɗaki, na san farkonsa da abin da na yi da yadda ya ƙare, don haka ban yi ta kewaye ba. Sai Malama ta jefo wadda ta fi nauyi.

"'Yata, a ce ƙawarki ta kusa ta zo neman littafi, kwamfuta ta nuna wani ya ara. Ta ce ki faɗa mata sunansa kawai, ta je ta roƙe shi. Me za ki yi?"

Na ɗan yi jim, domin a zuciyata na san da a da ne zan ga taimako ne. Na ce ba zan faɗa ba, saboda abin da mutum ya ara sirrinsa ne, amma zan sa mata suna a layin masu jira, in kuma duba ko akwai wani kwafi ko wani bugu. Ta gyaɗa kai ta rubuta wani abu. Ta tambaye ni makon jarrabawa fa, na ce zan kawo jadawalin jarrabawata da zarar ya fito don a san inda za a musanya tun da wuri. Da aka ce ko ina da tambaya, na tambayi wa zan sanar idan rashin lafiya ya hana ni zuwa, da kuma wanda zai koya mini aiki a makon farko.

Gwajin keke ne ɗauke da littattafai ashirin, aka ce in jera su. Na bi a hankali. Ɗaya takardar lambarsa ta yage, layi na uku ba ya karantuwa, sai na buɗe ciki ko an rubuta, ban gani ba, na ajiye shi gefe na ce wannan sai an duba a kwamfuta. Da ma'aikacin ya bi jerin ya samu kuskure ɗaya: bugu biyu na littafi guda na sa sabon a gaban tsohon. Na san ƙa'idar, sauri ne ya ja ni a ƙarshe. Ya nuna mini, na gyara, na fito ban san matsayina ba.

Kwana biyar bayan nan saƙo ya shigo. An ba ni Talata da Alhamis da safe, awa biyu-biyu, da Asabar awa biyu, shida ke nan, tare da cewa za a duba ƙari bayan wata guda. Ranar Juma'a na je na sa hannu a takardu, aka nuna mini inda ake rubuta lokacin shiga da na fita. Na biya ofishin Malam na gaya masa, ya ce Allah ya sa albarka, ya kuma tuna mini da alkawarin da na yi masa.

Talatar farko na iso kafin a buɗe ƙofa. Yaya ce aka haɗa ni da ita. Ta nuna mini akwatin da ake jefa littattafan da aka dawo da su cikin dare, muka kwashe, muka shigar da su a kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, sannan ta turo mini keke ta ce in fara da hawa na biyu. Na duba littafin da ke sama, QD ne, wanda ni ma na ara a zangon da ya wuce. Na jera keken tukuna kafin in motsa shi, kamar yadda ta koya mini, sannan na tura shi zuwa wajen kantocin kimiyya.